Sharar Birni a Gonakinmu Take Kwana

Daga wani ɗan ƙungiya, Gubuchi



Da bazarar da ta wuce, wani maƙwabcina ya sayi shara tifa biyu daga birni aka jibge masa a gona, domin takin zamani ya fi ƙarfin aljihunsa. Ranar da za a baza ta na bi shi, da yake ni ma ina da niyyar yin haka a 'yar gonata. Abin da na gani shi ya sa na fasa. Duk shebur ɗin da aka ɗaga, sai ka ga baƙar leda da ledar ruwa sun fito a cukurkuɗe, ga fasassun kwalabe, ga matattun batura, ga ƙunzugun jarirai na zamani, har da allurar asibiti. Kafin azahar ɗansa, wanda ɗalibina ne a aji biyar, ya taka kwalba. Mako biyu kujerarsa tana wofi. Da ya dawo mun wuce darasin kasafi, har yau kuwa bai gama kamo mu ba.

Tun daga ranar nake ta juya maganar a raina. Mu mutanen karkara mun ɗauka matsalar shara ta 'yan birni ce, ta mutanen Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, masu kwatoci da manyan bololi. Alhali kuwa sharar birni tana da ƙafa. Tifa tana kawo ta, iska tana kawo ta, ruwan sama yana kawo ta, mu ma da hannunmu muna ɗauko ta daga kasuwa. Inda take yada zango shi ne gonar da muke ci daga gare ta.

Abin da muka gada

Kada wani ya ce mana sake amfani da abin da aka yar sabon ilimi ne da aka kawo daga Turai. Kakanninmu sun riga kowa. A gidan Bahaushe na da, da wuya ka sami abin da ake kira shara ta har abada. Toka tana zama ruwan toka ko ta tafi gona. Karan dawa yana zama danni ko makamashi. Ƙwarya in ta fashe akwai gyartai. Tsohuwar riga tana zama tsumma, tsumma ya zama gammo. Ko da kayan bature suka shigo, ba a ruɗe ba: gwangwani ya zama fitilar aci-bal-bal, taya ta zama takalmi, tsohon tif ya zama guga, kwalba ta koma ta man gyaɗa, guntayen alminiyam aka narka su aka yi tukwanen biki. A nan ƙasar Maƙarfi, masu mazarƙwaila ba sa zubar da tuƙar rake. Shanya ta suke yi, ta bushe, da ita a dafa ruwan raken da ta fito daga cikinsa.

Babban abin kuwa shi ne juji. Duk abin da aka share daga tsakar gida da turken dabbobi, juji yake tafiya, ya ruɓe, da rani a kwashe shi a mangala zuwa gona. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi nazarin ƙauyukan da ke kewaye da Kano tun shekarun 1960. Ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itacen girki, su fito ɗauke da taki, da yadda hakan ya taimaka ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Birni yana cin amfanin gona, gona kuma tana cin sharar birni. Kowa na amfana, babu mai cutuwa.

Inda igiyar ta tsinke

Abin da ya riƙe wancan tsari abu ɗaya ne: kusan duk abin da ke cikin shara yana ruɓewa. Leda ce ta zo ta warware shi. Yau da leda ake ƙulla alala, da ita ake sayar da koko, da ita ake zuba manja, ko albasar naira ɗari ka saya sai an ba ka ita. Faifai da kwando da ƙwarya sun koma kayan ado. Ita kuwa leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana tana gasa ta, ta kakkarye ta zama ƙananan gutsattsari, amma tana nan cikin ƙasa shekaru masu yawa. Garma ta tono ta bana, ta sake binne ta, baɗi ta sake tono ta. Inda ta taru takan tare saiwar shuka, ta hana ruwa ratsa ƙasa yadda ya kamata.

Ku tambayi mahautanmu abin da suke ciro wa daga tumbin awaki da shanu. Dabba takan bi ƙanshin gishiri ko mai ta haɗiye leda, leda ta dunƙule a ciki, dabbar ta riƙa ramewa ciki na kumbura, mai ita yana ta sayen magani a banza. Malamai nawa ne a cikinmu tunkiya ko ragon turka ne asusunsu na ranar da albashi ya makara? Asusun nan leda tana cinye shi muna kallo.

Haka in an ce a ƙone. Da yawa daga makarantunmu, ranar shara ana tara komai a bayan aji a cinna wuta, yara na tsaye suna shaƙar baƙin hayaƙi. Hayaƙin roba da leda yana ɗauke da guba mai cutar da huhu, yaro mai asma kuwa shi ya fi kowa jin jiki. Sannan ganye da takardun da za su zama taki sun tafi a hayaƙi, mun yi asara biyu. Wadda ba a ƙone ba kuma ita ce ke toshe lambatu da kwalbati, ruwa ya kwanta, sauro ya hayayyafa. Idan damina ta yi nisa, rajistar aji ita za ta gaya maka yawan yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar.

Mu yi ɗan lissafi irin na aji huɗu. Makaranta mai yara 500, a ce kowane yaro ya sha ruwan leda ɗaya a rana. A kwana 60 na karatu an yar da leda 30,000, daga makaranta ɗaya, a zango ɗaya. Ba a haɗa da ledar awara da ta rogo da ta alewa ba. Wannan ba Zariya ce ta kawo mana ba, namu ne.

Maganar 'yan jari bola

Akwai waɗanda har yanzu suke riƙe da wani ɓangare na tsohon tsarin, su ne 'yan gwangwan da 'yan jari bola. Suna bin gida-gida da bola-bola suna tattara ƙarfe da alminiyam da robobi, a auna a sikeli, a loda zuwa masu narkawa. Ba don su ba da tsibin sharar biranenmu ya ninka haka. Sana'a ce, kuma tana ciyar da gidaje, bai kamata a raina ta ba.

Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abu biyu ne suka dame mu a matsayinmu na malamai. Na farko, yaran da ya kamata su kasance a aji da ƙarfe tara na safe, su ne muke gani da buhu a kafaɗa da maganaɗisu a hannu, babu takalmi babu safar hannu. Yaron da ya ɗanɗana kuɗin sikeli yana da shekara goma, mayar da shi kan benci aiki ne ja. Na biyu, tun da ƙarfe ya yi daraja, tagogin ajujuwa da ƙafafun kujeru da hannun famfo sun fara ɓacewa a lokacin hutu. Mai saye ya san abin da yake saye. Hana sana'ar ba magani ba ne, tsara ta shi ne magani: a yi wa masu sikeli rajista a gaban hakimi da dagaci, a haramta saye daga hannun yaro a lokacin makaranta, duk wanda aka kama da kayan gwamnati kuma a hukunta shi.

Me ya kawo malami ciki?

Na san abin da wasu 'yan uwa za su ce, don na ji shi a ofishin malamai. Aji ɗaya yara sun haura ɗari, ƙarin girma ya tsaya, kuɗin hutu shiru, sannan a ce mu zama 'yan shara? Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ba na neman a ɗora wa malami aikin da wani ke karɓar albashinsa. Amma ina roƙon a duba abu ɗaya. Duk ɓarnar da na lissafa daga wuri guda take farawa, wato lokacin da hannu ya jefa ɓawon rake da leda a wuri ɗaya. Da zarar sun haɗu, taki ya gurɓata, robar ma ta ƙazantu ta rage daraja. In kuwa an raba su tun farko, ɗaya taki ne, ɗaya kuɗi. Wannan rabawar ba injin take buƙata ba, ɗabi'a take buƙata, ɗabi'a kuwa sana'armu ce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da nake ba da shawara bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. A ware wuri uku. Rami ɗaya na abin da ke ruɓewa: ganye, ɓawo, ragowar abinci, a riƙa yayyafa toka da kashin dabbobi da ɗan ruwa, ana juyawa bayan mako biyu ko uku, cikin wata biyu zuwa uku ya zama taki na gonar makaranta ko na itatuwan da muka dasa. Buhu ɗaya na leda da robobi, a ajiye su a bushe har su taru a nemi mai saye, kuɗin ya shiga hannun kwamitin makaranta a rubuce, a sayi alli da tsintsiya. Sai tsohon bokiti mai murfi na abubuwa masu haɗari, kwalba da reza da batir, wanda babba kaɗai zai taɓa. A nan darasin noma da na kimiyya da na lissafi za su sauko daga allo su taka ƙasa.

Sharaɗi biyu ne ba za a sassauta ba. Kada shara ta zama horo, domin yaron da aka saba hukuntawa da tsintar leda zai girma yana ganin tsafta wulaƙanci ce. Kada kuma a cinye lokacin darasi, ko a mayar da 'ya'yan mutane leburori. Minti goma bayan tara ya isa.

Iyayenmu mata kuma, ku ne sarakunan tsakar gida. Ku mayar da juji jujinsa, leda ta sami buhunta daban. Ranar kasuwa a tafi da jaka ko kwando. Yaro ya zo makaranta da gorar ruwansa. Manomi kuma in zai sayi shara, ya tsaya a tsince ta kafin a baza, kada ya tura yara cikinta ƙafa ba takalmi.

Haƙƙin hukuma

Duk wannan ba ya sauke wa hukuma nauyinta. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Da can ana fakewa da cewa kuɗi ba ya isowa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Saboda haka muna da hujjar tambayar shugabannin Maƙarfi da Ikara da Kudan, cikin ladabi amma ba tare da tsoro ba: ina wurin zubar da shara da aka keɓe wa kowace kasuwa? Ina duba-gari, waɗanda iyayenmu ke ba da labarin yadda ake share gida tun kafin su iso? Ina ake kai sharar asibitoci da shagunan magani, har allura take isowa gona? Hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA, ita ma ya dace a riƙa jin ɗuriyarta a wajen Kaduna da Zariya.

Tun zamanin Janar Buhari da Idiagbon, a 1984 zuwa 1985, muka saba da tsaftar gari ta dole. Ana kwashe kwata a tara a bakin titi, babu motar ɗauka, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito. Shara ba ta ƙarewa da shara kawai, sai an san inda za ta. Wasu ƙasashe sun ɗauki matakin doka: Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas kuma ta hana farantan soso na zuba abinci a Janairun 2024. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta kafa irin wannan doka a 2014, amma leda ba ta bar kasuwanninta ba. Darasin a bayyane yake: doka ba ta aiki sai da masu tsare ta, da abin da zai maye gurbi, da jama'ar da suka fahimci dalili. Na ukun nan a aji ake gina shi.

Don haka ina kira ga shugabannin reshenmu su sanya wannan batu a ajandar taro mai zuwa. A zaɓi makaranta ɗaya a kowace gunduma ta fara gwaji zango ɗaya, da sanin Sakataren Ilimi da ƙungiyar iyaye da malamai. A rubuta wa majalisar ƙaramar hukuma takarda da sunan ƙungiya, a nemi amsa a rubuce. A roƙi limamanmu su taɓo maganar a huɗuba, tun da kowa ya san tsafta cikon addini ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Yaron nan da ya taka kwalba ya warke, sai tabo. Gonar mahaifinsa kuwa har yanzu in iska ta taso za ka ga baƙaƙen ledoji suna kaɗawa a kan kunya. Mafi yawan yaran da muke koyarwa wannan ƙasar za su gada, da ita za su ci, da ita za su aurar. In mun koya musu karatu da rubutu muka bar musu gona cike da leda, ba mu gama sauke amanar ba.

Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya albarkaci zuri'armu da gonakinmu. Wassalam.