Damagaram: Yadda 'fada' ta tashi daga ƙofar sarki ta koma bakin titi

A da, idan mutumin Damagaram ya ce zai je fada, kowa ya san gidan Sarki ya nufa a cikin Birni. Yau idan matashi a Zango ya faɗi haka, yawanci yana nufin wani benci ne a bakin titi, inda abokansa ke zagaye da butar shayi har tsakar dare. Kalmar ba ta sauya ba, amma wurin da ake zuwa neman girma ya sauya, kuma a nan ne muhawarar da ake yi kan tarbiyyar matasan birnin ta samo tushe.

Dattawa na cewa kunya da biyayya sun ƙare. Matasa kuma na cewa an hana su duk wata hanyar zama manya, sannan ana zarginsu da rashin girma. Tarihin birnin ya nuna cewa ma'aunin mutunci ya sha sauyawa tun kafin a haifi ɓangarorin biyu.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, girma na tare da sarauta da ilimin addini da jarumta. A bayan ganuwa kuwa, Zango ya kasance masaukin ayarin fatake daga Agadas da Gat da Tarabulus. A can ba a cika tambayar asalin baƙo ba, amana da dukiya ne ke ɗaga mutum, kamar yadda suka ɗaga attajiri Malam Yaro.

Faransawa sun ci garin a 1899. Bayan jirgin ƙasa ya isa Kano, fataucin hamada ya durƙushe, sannan a 1926 aka ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai. Daga nan sai wani sabon babban mutum ya bayyana: ɗan lakwal mai takarda da albashin gwamnati. Iyayen da suka taɓa ɓoye 'ya'yansu don kada a kai su makarantar boko sun dawo suna alfahari da ɗansu ma'aikaci.

Wannan alkawari na boko shi ne ya karye a shekarun 1990. Gwamnati ta taƙaita ɗaukar ma'aikata, albashi ya riƙa makalewa na watanni, kuma a Janairun 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi. A daidai lokacin ne aka samu 'yancin kafa jam'iyyu da gidajen rediyo masu zaman kansu, bayan babban taron ƙasa na 1991. Matasa marasa aiki suka fara haɗa majalisunsu suna kiransu fada, kowace da sunanta da shugabanta da asusunta. Masaniya Adeline Masquelier ta yi littafi guda a 2019 kan waɗannan majalisu na Nijar.

Abin lura shi ne ba sabbin ɗabi'u fada ta ƙirƙiro ba. Ana biyayya ga shugaba, ana haɗa kuɗi idan ɗan fada zai yi aure ko suna, ana zuwa jinya da ta'aziyya, wasu ma na share unguwa da gadinta da dare. Zumuncin da saurayi ke samu a gidan ubansa ko ubangidansa ne ya koma nema a wurin tsararsa, domin gidan ya daina iya ba shi jari ko lefe.

A Hausa, namiji ba ya shiga sahun manya sai ya yi aure ya riƙe gida. Idan mai shekara 30 ba shi da abin biyan sadaki da lefe, al'umma na ci gaba da kallonsa a matsayin yaro. Fada ce kaɗai inda ake sauraron maganarsa.

Sai dai wasu majalisun sun rikiɗe zuwa abin da ake kira palais, wato fada da Faransanci, inda ƙarfin damtse da makami suka zama ma'aunin girma. An san su da ɗaga ƙarfe, faɗan unguwa da unguwa, da shan ƙwayoyi irin su tramol. 'Yan siyasa ma sun sha amfani da su a lokacin yaƙin neman zaɓe, abin da ya sa laifin bai tsaya kan matasan kaɗai ba.

Duniya ta waiwayi birnin a ranar 16 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar adawa da zanen ɓatanci na mujallar Charlie Hebdo ta rikiɗe zuwa tarzoma. An ƙona majami'u da cibiyar al'adun Faransa, washegari kuma rikicin ya kai Yamai, inda aka rasa aƙalla mutum 10 a biranen biyu. Ga garin da Zangonsa ya ginu kan saukar baƙo, abin ya girgiza mutane da dama.

Fim ɗin Zinder na 2021, wanda 'yar asalin birnin Aïcha Macky ta shirya, ya nuna ɗaya fuskar. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da aka daɗe ana ware kutare da marasa galihu a cikinta, ta samu 'yan palais da ke neman fita: wani ya koma kabu-kabu, wasu na son kafa kamfanin gadi, wasu na fasa-ƙwaurin fetur daga Najeriya. Burinsu shi ne na kakanninsu, wato sana'a da iyali da a gaishe su da mutunci.

Hanyoyin fitar kuwa sai ƙara tsukewa suke yi. Matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 ba ta iya ɗaukar ɗimbin masu neman aiki ba. Cire tallafin fetur a Najeriya a Mayun 2023 ya rage ribar masu sayar da man bakin titi, sannan rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya taɓa cinikin da ke tsakanin Damagaram da Kano da Daura.

A karkara ma haka abin yake. Bara da a da ake ɗauka abin kunya ga mai lafiya ta zama hanyar ci-rani ga wasu mata daga yankin Kance. A Oktoban 2013, an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara. A 2022 kuma gwamnati ta kwaso ɗaruruwan 'yan Nijar da ke bara a Dakar. Kuɗin da ake aikowa gida ya sa wasu iyalai suka daina tambayar yadda aka same su.

Wannan tambaya ta shafi 'yan ci-rani kai tsaye. Wanda ya dawo daga Libiya ko Aljeriya da babur da babbar waya shi ne ƙannensa ke kwaikwayo, kuma abin da ya yi da kuɗinsa, ko buɗe wa yaro shago ko liƙi a wurin biki, darasi ne da ya fi wa'azi saurin shiga.

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Masarauta da malamai na da sauran tasiri a Damagaram, kuma sun sha sasanta rikicin matasa. Amma muddin nasiha ba ta zo tare da wurin koyon sana'a da sauƙaƙa tsadar aure ba, yaran da ke tasowa a Zango da Kara-Kara za su ci gaba da karɓar girma daga hannun wanda ya fara miƙa musu shi, ko shugaban fada ne ko na palais.