Tsohon Kare Ma Yana Da Hakki

A Dayi da sauran garuruwan ƙasar Malumfashi, kare ke gadin rumbu da garke, shi ke raka mafarauci da rani. Amma ranar da tsufa ya zo, ciwon daji ya kama shi, sai a kora shi juji, yara na jifa. Wannan butulci ne.

Lalle, ciwon da ya riga ya bazu a jiki da wuya ya warke, ko a asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. To, amma inuwa da ruwa da kunu sun fi ƙarfin wa? Kada dai a ba shi ibuprofen, yana lalata ƙodar kare. In ya daina ci, ya kasa tashi, a kira likitan dabbobi ya yi masa allurar da za ta raba shi da wahala.