Harsashi Mai Kan Roba Da Adakar Baba

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na ratsa ta wata majalisa a unguwar Pantami cikin garin Gombe, na tarar ana gardama. Wani saurayi ne ya nuna wa wani tsohon maharbi hoton harsashi mai ɗan jan tsini a wayarsa, yana cewa da irin wannan Turawa ke kayar da ɓauna daga nesa da harbi guda. Tsohon ya duba, ya miƙa masa wayarsa, ya ce, "Ɗana, harsashi ba ya farauta, mai bindiga ke yi." Saurayin ya ce, "Baba, ai zamani ya wuce adaka." Aka juyo kaina, wai ɗan jarida ya raba gardama. Na roƙi a ba ni mako guda. To, jama'a, ga abin da na samo.

Shi wannan tsini roba ce mai tauri da ake cusawa a bakin harsashi. Kamfanin Nosler na Amurka ya fito da nasa mai suna Ballistic Tip cikin 1984. Amfaninsa uku ne. Na ɗaya, yana sa harsashi ya keta iska ba tare da saurin rage gudu ba, don haka ba ya saurin sunkuyawa ƙasa. Na biyu, dalma taushi gare ta, in bindiga ta yi tsalle sai kawunan sauran harsasan da ke cikinta su daku, alhali kuwa roba takan jure. Na uku, in ya sami nama sai tsinin ya koma ciki, ya buɗe bakin harsashin ya baje kamar laimar kwaɗi, dabba ta faɗi da wuri. Har nan saurayi yana da gaskiya.

Amma fa akwai sauran magana. Harsashin da ke saurin bajewa ya dace da barewa, in kuwa ya gamu da kafaɗar babbar dabba yakan tarwatse kafin ya kai huhu. Abin da ya sami John Nosler ke nan a Kanada cikin 1946, sa'ad da ya harbi wata ƙatuwar dabba mai ƙaho da ta shafe jikinta da laka, harsashinsa ya kasa shiga. Wannan takaici ne ya sa ya kafa kamfaninsa cikin 1948. Haka kuma cikin 2015 kamfanin Hornady ya bayyana cewa zafin gudu yakan narkar da kan robar in tafiya ta yi nisa, har ya sake irin robar da yake amfani da ita. A Tanzaniya kuwa ba a yarda a tunkari ɓauna ko giwa da bindigar da faɗin bakinta bai kai .375 na inci ba. Watau su kansu masu abin ba su ɗauke shi laya ba. Nan kuma Baba ya yi gaskiya.

Sai dai ni ban ga dalilin da zai sa mu yi fahariya da adaka ba. Cikin bututunta sumul yake, ba shi da zaren da ke juya harsashi ya tafi sak. A ɗura albarushi, a bi shi da dalma ko gutsattsarin ƙarfe, a harba, abin ya watsu. Sau da yawa dabba takan tsere da rauni, ta je ta mutu cikin ƙunci a inda ba mai amfana da ita. In kuwa ɓauna ce, kowane maharbi ya san wadda aka raunata ta fi mai lafiya haɗari, ga manomi da makiyayi da ba su san hawa ba balle sauka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dalmar kanta. Hotunan asibiti da aka ɗauka na naman farauta a Amurka sun nuna harsashi guda yakan bar ɗaruruwan ɓarɓashin dalma, wasu can nesa da raunin, ƙanana ƙwarai har haƙori ba ya jin su. Wuta ba ta kashe wannan guba, kuma yara ta fi yi wa lahani, domin ƙwaƙwalwa take taɓawa. Mu ba baƙin wannan masifa ba ne. Cikin 2010 gubar dalma daga dakan duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara. Kamfanin Barnes ya fito da harsashin jan ƙarfe zalla tun 1989, jihar Kalifoniya kuma ta hana farauta da dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yuli, 2019. Mu kuwa har yanzu ana kawo mana ƙyafaffen naman daji kasuwa, ba mai tambayar da me aka harbe shi.

Daga ƙarshe, ina ma manyan namun da za a harba? Ɓauna da gwanki da giwa da suka rage kusa da mu suna Yankari ne, gandun da aka keɓe cikin 1956, wanda ya koma hannun Jihar Bauchi cikin 2006, kuma farauta a cikinsa laifi ne. Dokar bindigogi ta 1959 ta bai wa Kwamishinan 'Yan Sanda ikon hana mallakar ko da adaka ce sai da lasin.

Saboda haka shawarata ga sarakunan baka da ƙungiyoyin maharba ita ce su hana yaransu harbin da ba su tabbata zai kashe ba, su sa a yanke naman da ke kewaye da rauni da yalwa a binne, kada a bai wa yara ko masu ciki, kada a jefa wa karnuka. Ma'aikatar lafiya kuma ta shiga rediyo ta yi wa jama'a bayani da Hausa da Fulatanci.

Na koma majalisa na karanta musu wannan. Baba ya ce ya ji, amma shekara hamsin yana cin naman adaka bai mutu ba. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, jikokinka nake ji." Ya yi shiru.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.