RA'AYINMU: Yaro Mai Baki, Amma Hannu Ya Ƙi

Kusan kowane malamin makarantar Lahadi daga Birnin Kudu har Gwaram ya san irin yaron nan. Shi ne mai fara ɗaga hannu in an yi tambaya, shi ne mai haddace aya tun malam bai maimaita ta sau biyu ba, in kuwa aka aike shi kasuwar Sara zai lissafa canji da ka, ko sisi ba zai ɓace ba. Amma a miƙa masa biro da takarda a ce ya rubuta abin da ya faɗa yanzun nan, sai jikinsa ya mutu. Ya tauna murfin biro, ya nemi izinin zagayawa, in an matsa masa ya rubuta layi biyu ya ce ya gama. Iyaye su ce ƙiwuya ce, malami ya ce taurin kai ne, magani kuwa ɗaya suka sani, wato bulala.

Mu dai muna ganin an yi wa yaron nan gurguwar fahimta, kuma abin da zai rasa ba kaɗan ba ne. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ana zaɓen amsa ne kawai, yaro mai kaifin kai zai iya hayewa bai rubuta jimla ko ɗaya ba. Amma a jarrabawar Turanci ta WAEC sai ya zauna ya tsara rubutu na kansa mai kalmomi wajen 450, kuma in babu kiredit a Turanci ƙofar jami'a a rufe take. A nan ne yara da yawa da ake yi wa zaton likita ko injiniya suke tsayawa, iyayensu su yi ta biyan kuɗin sake jarrabawa daga abin da gona ta bayar.

Bari mu tambayi kanmu, me yaron nan ya sani da sunan rubutu? Inda littattafan karatu ba su wadata ba, malami yakan cika allo da darasi, yara su kwafa, ya goge, ya sake cikawa. Shekara shida yaro yana ɗebo maganar wani daga allo yana zubawa a takarda, ba a taɓa tambayarsa tasa maganar ba. Mai matsakaicin kai yakan jure wannan. Mai hazaƙa kuwa, wanda ya gane darasin tun malam yana bayani, shi ne yake fara gajiya, gama bai ga amfanin rubuta abin da ya riga ya shiga kansa ba. Ran da aka ce ya rubuta nasa, sai a ce da Turanci, alhali da Hausa yake tunani, wani ma Warjanci ko Fulatanci ake yi a gidansu, Hausar ita ce ta biyu. Ya yi ƙoƙari ya kawo rabin shafi, a mayar masa da shi jajawur da jan biro. To, yaron da ya saba a yabe shi in ya buɗe baki, don me zai so abin da kullum yake tona masa asiri?

Batun harshe ma hukuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gida ko na yankinsa a azuzuwan farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai wannan har shekara shida, sa'an nan a 2025 aka soke, aka ce Turanci. Ba za mu jira a gama wannan ja-in-ja ba, yaranmu girma suke yi.

Kafin kome, a duba jikin yaron. Akwai wanda ba ya ganin allo sosai, yana jin kunyar faɗa. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan a Birnin Kudu, a kai shi a duba idonsa. Akwai bahagon da aka tilasta wa hannun dama tun yana ɗan aji ɗaya, rubutu ya zame masa azaba. A bar shi da hagunsa. Akwai kuma wanda hannunsa yake ciwo ko haruffa suke juya masa kome ƙoƙarinsa, wannan haƙuri yake bukata da ƙarin lokaci.

In jiki lafiya, sai a raba masa kayan, kada a ɗora masa duka a kai ɗaya. Tsara magana aiki ne dabam, jan alƙalami dabam, Turanci dabam. A bar shi ya faɗi labarinsa da baki, yayarsa ko malami ya rubuta daidai yadda ya faɗa, sa'an nan a karanta masa ya ji maganarsa ta zauna a takarda. Gobe ya rubuta layin farko da hannunsa, a ƙarasa masa. Jibi layi uku. Wanda yake ganin wannan shagwaɓa ce ya tuna Irmiya faɗa ya yi, Baruk ya rubuta, haka kuma wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa da hannun Tartiyas aka rubuta ta.

Abin da ya fi duka a ganinmu shi ne a samo wa yaron mai karatu, ba mai maki ba. Ya rubuta wa wansa da ya tafi ci-rani Legas labarin gida, ko da ta saƙon waya ne, wan kuma ya amsa. Ya zauna gun kakarsa ya rubuta tatsuniya ɗaya, a karanta wa ƙannensa da dare. A ba shi riƙon littafin buhunan da aka sa a rumbu. Malamai kuwa suna da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: zanen shanu na mutanen dā a Dutsen Mesa da Dutsen Habude, da duwatsun nan masu amo in an buga su. A kai yara su gani da idonsu, a dawo a ce kowa ya rubuta wa wanda bai je ba. Yaron da ya ga abu yana ɗokin faɗa ba ya tauna murfin biro.

Mun san waɗansu iyaye za su ce rubutun Hausa zai ɓata wa yaro Turanci. Ba mu yarda ba. Wanda ya iya fara zance, ya bi shi daki-daki, ya rufe shi da Hausa, kalmomi ne kaɗai suka rage masa a Turanci, su kuwa ana samunsu da karatu. Wanda bai taɓa tsara zance a kowane harshe ba, ko an cusa masa ƙamus duka, shafinsa fari zai zauna.

Saboda haka muna roƙon dattawan ikilisiyoyi da zumuntar mata a Birnin Kudu da Gwaram su ware minti goma sha biyar bayan makarantar Lahadi, su saya wa kowane yaro ƙaramin littafin rubutu wanda ba na makaranta ba. Ya rubuta abin da ya ga dama, da harshen da ya fi masa sauƙi, wanda yake so ya tashi ya karanta nasa. Malami ya amsa da layi ɗaya a ƙasa, kan abin da yaron ya faɗa. Gyaran haruffa ya jira sai bayan wata uku, a lokacin ma kuskure biyu kawai za a nuna masa a shafi, da fensir.