Kafin Ka Ajiye Aiki Ka Koma Jami'a

A 'yan shekarun nan wata magana ta yawaita a bakin matasan ma'aikata, tun daga sakatariyar Birnin Kebbi har zuwa ofisoshin Ƙaramar Hukumar Bagudo. Malamin da ya shekara takwas yana riƙe da alli, da akawun da ya gaji da jiran ƙarin girma, da ɗalibin da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, duk sai ka ji suna cewa za su koma jami'a su yi digiri na biyu a fannin kasuwanci, watau wanda ake kira MBA, don su bar sana'arsu ta farko su shiga harkar kuɗin kamfanoni. Niyyar tana da kyau, ina kuwa goyon bayanta, amma da sharaɗi guda: mutum ya san matsalar da zai je ya koyo maganinta kafin ya biya kuɗin rajista. Wanda ya tafi don kawai ya ji an ce albashin banki ya fi na gwamnati, to, yana iya sakin reshe ya kama ganye.

Da farko dai mene ne wannan aiki? Mai kula da kuɗin kamfani tambayoyi uku yake amsawa kullum. Ina za a samo jari, bashi za a ci ko hannun jari za a sayar? Me za a sa kuɗin a ciki ya dawo da riba? In ribar ta samu, nawa za a raba, nawa za a mayar cikin kasuwa? A bayan waɗannan kuma akwai lissafin asara, watau abin da zai faru idan al'amari ya juya.

Ɗan Bagudo bai kamata waɗannan tambayoyi su zame masa baƙi ba, gama cikinsu ya tashi. Wanda ya taɓa tsayawa a Lolo ko Tsamiya ya ga kuɗi iri biyu suna yawo a aljihu ɗaya, naira da sefa. Ita sefa ɗaure take da yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 a kan yuro ɗaya. Ita kuwa naira, a watan Yuni na 2023 Babban Banki ya sake ta kasuwa ta yi mata farashi, dalar da ake saye wajen naira 460 a hukumance sai da ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A ce ɗan kasuwa ya karɓo kaya bashi a Malanbil ko Segbana da alkawarin biya da sefa bayan wata uku, ya zo ya sayar da naira da ribar kashi goma cikin ɗari. In naira ta faɗi da kashi ashirin kafin ranar biya, ya yi ciniki, ya ƙirga riba, amma uwar kuɗinsa ce ta ragu. Abin da ake kwana ana karantawa a ajin digiri na biyu ke nan, sai dai a can da alƙalami da ƙa'ida ake yinsa.

Haka kuma lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, aka daɗe ba a buɗe ba, har ita Kamba maƙwabciyarmu sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta, wanda ya zuba dukan jarinsa a hanya ɗaya ya ji jiki.

Sai mu dubi shinkafa. A Birnin Kebbi ne aka ƙaddamar da shirin ba manoma lamuni na Babban Banki a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, ga na Labana a Birnin Kebbi. Kuɗi ya shigo, noma ya ƙaru, amma sanin kowa ne bashi mai yawa na wannan shiri bai koma inda ya fito ba. A ganina ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙarancin mutanen da suka iya riƙe littafi tsakanin manomi da banki. Kamfanin casa tilas ya sayi shanshera da kaka ya tara wadda za ta kai shi watanni, da kuɗin bashi kuwa yakan saya. A ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwa kuwa ya fi haka. Wanda bai iya lissafa ko ribar buhu za ta biya wannan ruwa ba, zai yi wa banki bauta yana zaton kansa yake yi wa aiki.

To, ga bukata a fili. Amma wani zai ce, ina kamfanonin suke a Bagudo ko Illo ko Ka'oje da za su ɗauki mai MBA? Tambayar tana bisa hanya. Gaskiya ita ce manyan guraben suna Legas da Abuja da Kano, kuma wanda ya canja sana'a yana da shekara talatin da biyar yakan fara daga ƙasa, a ƙarƙashin wanda ya girma. Takardar ba ta zuwa da wasiƙar ɗaukar aiki. Sai dai kamfanonin casa, da ƙungiyoyin gama kai na manoma, da ƙananan bankuna, da manyan dillalan hatsi da na shanu, duk suna bukatar wanda zai tsara musu lissafin da banki zai yarda da shi. Wani kuma zai ce yana gudun riba. Shi ma akwai ƙofarsa: bankin Jaiz ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba tun 2012, Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 a 2017, Jami'ar Bayero ta Kano kuma tana da cibiya musamman ta koyar da harkar banki da kuɗi bisa tsarin Musulunci.

Saboda haka ga shawarata. Kada ka ajiye aiki tukuna. Nemi hutun ƙaro ilmi, ko ka shiga karatun ƙarshen mako, ko na nesa irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya take yi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, iyali kuwa ba sa cin digiri. Ka gwada kanka a lissafi tun kafin ka nema, domin wanda ɗori da kasafi suke ba shi tsoro wahala zai sha. Ka haɗa digirin da jarrabawar ƙwararrun akantoci irin ta ICAN, gama ita masu ɗaukar aiki suka fi dubawa a wannan fanni. Ka koyi Faransanci, domin ɗan bakin iyaka da ya iya karanta takardar banki ta Kwatano yana da abin da ɗan Legas ba lalle ya samu ba. Sa'an nan kada ka zubar da abin da ka sani. Malamin gona da ya karanci kuɗi ya fi kowa dacewa da lamunin noma, wanda ya yi aiki da kwastan kuma ya fi kowa gane kuɗin shigo da kaya.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ma suna da nasu nauyin. Ya kamata a riƙa ba ma'aikata hutun karatu a wannan fanni bisa yarjejeniyar su dawo su yi wa jiha aiki na wasu shekaru. Jami'o'inmu na Sakkwato da Birnin Kebbi da Aleiro kuma su riƙa sa ɗalibai nazarin kasuwar Lolo da kamfanonin Argungu, kada misalan aji su ƙare a kan kamfanonin Amurka da Ingila.

Wanda ya tafi jami'a da tambayar da ya ɗauko daga kasuwar garinsu, zai san darasin da zai kama da wanda zai wuce, zai kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ran da ya gama. Allah Ya sa mu dace.