Taba sigari: Wa zai ɗauki alhakin jinyar mashaya?

A watan Disambar 2023 ne hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, wato FCCPC, ta sanar da cin tarar kamfanin British American Tobacco na Najeriya da rassansa Dala miliyan 110, bayan binciken da ta fara tun 2020 kan saɓa wa dokokin gasar kasuwanci da na kare lafiyar jama'a. Tarar ta sake tayar da tsohuwar muhawara: idan taba ta kwantar da mutum, shin alhakin yana wuyan wanda ya kunna ta ne kaɗai, ko har da wanda ya sarrafa ta ya kai ta kasuwa?

Ta fuskar lafiya dai magana ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba mashaya ba ne, hayaƙin wasu suke shaƙa. Cikin irin waɗannan akwai matar da ke kwana ɗaki ɗaya da mashayi, da 'ya'yansa, da abokin zamansa a shago ko ofis. Hayaƙin yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kuma kusan 70 daga ciki suna haddasa cutar daji. Ban da dajin huhu da na maƙogwaro, akwai ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Hujjar kamfanonin ba ɓoyayya ba ce. Sun ce doka ta halatta sana'arsu, suna biyan haraji, suna samar da ayyukan yi, kuma gargaɗi yana nan ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Saboda haka baligin da ya gani ya saya, shi ya zaɓa wa kansa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Sai dai wannan hujja tana da rauni. Sinadarin nikotin da ke cikin taba yana kama jiki ya zama jaraba, kuma akasarin mashaya suna farawa ne tun suna samari, kafin su mallaki hankalin auna riba da hasara. Wanda ya fara yana ɗan shekara 15, da wuya a kira abin da yake yi a shekara 40 zaɓi.

Tarihin masana'antar ma bai taimake ta ba. A 1994 shugabannin manyan kamfanonin taba bakwai sun yi rantsuwa a gaban majalisar dokokin Amurka cewa ba su yarda nikotin yana kama jiki ba. Shekara huɗu bayan haka, kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 na ƙasar kimanin Dala biliyan 206 a cikin shekara 25, domin rage musu asarar jinyar mashaya. A 2006 kuma Mai Shari'a Gladys Kessler ta yanke hukuncin cewa sun shafe gomman shekaru suna yaudarar jama'a game da illar hajarsu.

Najeriya ma ta gwada bin wannan hanya. Tun daga 2007 Gwamnatin Tarayya da jihohin Kano da Gombe da Legas da Oyo da Ogun suka maka kamfanonin a kotu, suna neman diyyar abin da suke kashewa wajen jinyar cututtukan taba. Shari'o'in sun maƙale shekara da shekaru a kan taƙaddamar hurumin kotu da isar da sammaci ga uwayen kamfanonin da ke ƙetare. A Kanada kuwa, inda aka jure wa doguwar shari'a, kotu ta amince a 2025 da yarjejeniyar diyyar Dalar ƙasar biliyan 32.5.

Dokar ma akwai ta a takarda. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2015 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita a 2019, ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana talla da shan taba a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Amma duk wanda ya tsaya gaban mai tebur a tasha ko bakin kasuwa ya san kara ɗaya ake saye, kuma sau da yawa yaro ake aike. Wannan ƙaramin ciniki shi ne ƙofar da sababbin mashaya suke shigowa, domin ɗan makarantar da ba ya da kuɗin kwali ba ya rasa na kara.

A nan ne alhakin gwamnati ya fito fili. Kama mai tebur abu ne mai sauƙi, amma ribarsa ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da ta masu sarrafawa da manyan dillalai. Makamin da ya fi tasiri shi ne haraji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ya kai aƙalla kashi 75 cikin 100 na farashin kwali, kuma har yanzu Najeriya tana nesa da wannan mizani. Kamfanonin suna cewa tsadar za ta ƙara fasa-ƙwauri, amma maganin wannan yana hannun jami'an kwastan, ba a arhar taba ba.

A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya yake fitowa daga aljihun majinyaci, ɗan kasuwar da dajin huhu ya kama jarinsa yake cinyewa, ma'aikacin gwamnati kuma ya shiga bashi. Mashayi yana da nasa kason na laifi, kuma yana biya da lafiyarsa da dukiyar iyalinsa. Abin da ya rage shi ne jihohin da suka shigar da ƙara su farfaɗo da ita, hukumomi su aiwatar da dokar tun daga kan masu rarraba haja, a kuma ware wani kaso na harajin taba domin jinyar waɗanda ta kwantar. Muddin ba a yi haka ba, riba za ta ci gaba da tafiya ga kamfani, ɗawainiyar asibiti kuma ta zauna a wuyan iyali.