Zauren Hira Ba Rumbu Ba Ne



Yawancin rubutunmu yanzu a zaurukan WhatsApp da Telegram yake fara fitowa. Can ake ɗora babi, can ake gyara, can ake raba dare ana gardama a kan karin magana guda. Amma a nemi gyararrakin bara, sai a shiga kame-kame: wannan ya canza waya, wancan tasa ta cika ya goge. A ganina, duk ƙungiyar marubutan da ta san darajar aikinta ya kamata ta tanadi hanyar kama saƙo da zarar ya faɗo, ta adana shi a hannunta.

Hanyar tana nan. Tun 2015 Telegram ya buɗe wa masu rubuta manhaja ƙofar ƙirƙirar bot, wato ɗan aiken da ke zama a zaure kamar mamba, kuma kyauta ake buɗe shi ta hannun BotFather. Bot yana samun labarin sabon saƙo ta hanya biyu. Ta farko ita ce getUpdates: shi zai riƙa komawa yana tambaya, kamar mai zarya tashar mota ko an aiko masa da saƙo. Ta biyu ita ce setWebhook: ka ba Telegram adireshinka na intanet, shi ya riƙa kawo maka har ƙofar gida. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa su.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Ba a miƙa wa bot tsohuwar hirar da aka yi kafin zuwansa, don haka kowane mako na jinkiri asara ne. Sannan saƙon da bai karɓa ba, Telegram ba ya riƙe masa shi fiye da awa 24. Mu a Sakkwato mun san ma'anar wannan. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar tsaro, ga kuma halin wutar lantarki. Bot ɗin da ke kan kwamfutar wani a ɗaki, in ya yi kwana biyu a kashe, rumbun ya samu giɓi. Gara a yi karo-karo a kama hayar sabar da ke aiki dare da rana.

Wani zai ce wannan leƙen asiri ne, kuma damuwarsa tana kan hanya. Shi ya sa Telegram bai barin bot ya ga duk hirar zaure, sai an ba shi shugabanci ko an cire masa wannan takunkumi. Shawarata kada a cire. A bar shi yana karɓar abin da aka aike masa da umarni kaɗai, marubuci da kansa ya zaɓi abin da zai shiga rumbu. Hirar zaure amana ce.

Nana Asma'u ta rasu a 1864, amma rubuce-rubucenta sun iso gare mu domin an kwafa an adana, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara su a littafi a 1997. Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ma cike yake da takardun da wasu suka ɗauki nauyin ajiyewa. Mu wa zai ajiye namu?

A cikinmu ba a rasa ɗaliban kwamfuta. Wanda ya iya ya fito, ma'aji ya faɗi abin da kowa zai bayar, mu yanke shawara a zamanmu na gaba. Allah ya ƙara wa alƙalami albarka.